Babi na Biyar: Da Gaske Laifin Matuƙi Ne?

Duk ranar da aka ce jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da wani babba, kafin a gama kashe wutar, tambaya ɗaya ta riga ta zaga gari: me ya kayar da shi? A teburin mai shayi amsa ba ta wuya. Wani ya ce hannu aka sa, wani ya ce ai tsofaffin jirage ake sayo mana, dattijon da ke gefe kuma ya ce kwana ne ya ƙare, a bar maganar. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta, rahoton masu bincike ya fito, jaridu su dunƙule shi su ce kuskuren matuƙi ne. Mai sauraro sai ya ji kamar an raina masa hankali. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tuƙi, wanda shi ma ransa na cikin jirgin, yaya za a yi ya kifar da shi?

An yi tambayar me ya kayar da jirgi a Arewa ranar 15 ga Disamba, 2012, da jirgin sojan ruwa ya faɗi a dajin Okoroba na Jihar Bayelsa, ya hallaka Gwamnan Kaduna Patrick Ibrahim Yakowa da Janar Andrew Azazi da wasu mutum huɗu. An sake yin ta ranar 19 ga Mayu, 2024, da jirgin Shugaban Iran Ebrahim Raisi ya faɗi a tsaunukan arewa maso yammacin ƙasarsa cikin hazo mai kauri. 'Yan'uwanmu na Gana sun yi ta ranar 6 ga Agusta, 2025, da suka rasa ministoci biyu a hanyar Obuasi, Edward Omane Boamah na tsaro da Ibrahim Murtala Mohammed na muhalli.

Masana harkar jiragen sama sun daɗe suna cewa hannun ɗan'adam na cikin mafi yawan haɗurra, ya fi lalacewar inji yawa nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai in mutum ya zauna ya karanta rahotannin nan daga farko har ƙarshe, zai ga cewa kafin hannun matuƙi ya kuskure, an riga an ɗaura masa igiya a wuya daga wurare da dama, kuma wasu daga cikin masu ɗaurawar ba su taɓa shiga jirgi ba.

Daga Kano zuwa Wudil

Mu ɗauki gajeriyar tafiya mu bi ta a hankali. A ce wani babban baƙo ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ana jiransa a Wudil, ko a makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ko a wurin gangamin siyasa. A mota kilomita 40 ne da 'yan kai, amma in ta faɗo ranar Juma'a, ranar kasuwa, motocin shanu daga Kara kaɗai sun isa su tsayar da ayarinsa a bakin gada. Sai a ce a ɗauko jirgi mai saukar ungulu, minti 15 ya kai shi.

A ido, ba tafiyar da ta fi wannan sauƙi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tsauni ba teku. Amma aikin wannan jirgi daban yake da na jirgin fasinja da muka saba hawa zuwa Abuja ko Jidda. Jirgin fasinja daga shararren titi yake tashi, ya haye can sama da gajimare, hasumiya na yi masa jagora, ya sauka a wani shararren titin. Mai saukar ungulu kuwa ƙasa-ƙasa yake bi, inda turakun kamfanonin waya da manyan wayoyin lantarki da shirwa suke, sannan ya je ya sauka inda ba don jirgi aka yi ba: filin ƙwallo, filin idi, harabar makarantar sakandare.

Ga shi kuma ba ya son a sake shi. Hannun dama na matuƙi yana kan sandar da ke karkata babbar farfela gaba ko baya ko gefe, na hagu yana kan wadda ke ƙara ɗagawa ko rage ta, ƙafafunsa biyu suna kan matakan da ke sarrafa ƙaramar farfelar jela, wadda ita ce ke hana gangar jirgin juyawa. In ya taɓa ɗaya, dole ya gyara sauran. Manyan jirage na zamani suna da na'urar da ke rage masa wannan wahala, amma sauka a filin da bai sani ba aikin hannunsa ne da idonsa. Yawancin irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye da ido ake yin su. Sharaɗin shi ne matuƙi ya riƙa ganin ƙasa, ya kuma riƙa ganin layin da sama ta haɗu da ƙasa. Daga nan matsala ta farko take somawa.

Idan jiki ya yi ƙarya

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza mana. Mutanen Kano sun san ranakun da hazo kan hana jiragen fasinja sauka gaba ɗaya. A ce matuƙinmu ya tashi da safe, gani da dama-dama, kafin ya wuce Mariri hazon ya ƙara kauri, sama da ƙasa suka koma launi ɗaya.

Direban motar haya da hazo ya rufe wa hanya yana da gata biyu. Tayoyinsa na kan kwalta, saboda haka bai taɓa shakkar ina ne ƙasa ba. Sannan yana iya gangarawa gefen titi ya kashe mota ya jira. Matuƙi ba shi da gata na farko ko kaɗan. Da zarar idonsa ya rasa abin kamawa, ƙwaƙwalwarsa sai ta koma tambayar kunne, kunne kuwa ba don tashi sama aka halicce shi ba.

A can cikin kunnen kowane mutum akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan ya motsa, ƙwaƙwalwa ta gane an juya. A ƙasa wannan tsari ba ya kuskure sosai, domin ido da tafin ƙafa na taya shi. A sama kuwa, in jirgi ya karkata a hankali, ruwan ba ya ji. In kuma aka daɗe ana shan kwana iri ɗaya, ruwan sai ya natsu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka jirgin ya miƙe. To a nan ne abin tsoron yake: in matuƙi ya dubi na'ura ya daidaita jirgin yadda ya kamata, jikinsa zai rantse masa cewa yanzu ne ya karkace zuwa ɗaya gefen. Sai ya mayar da jirgin cikin karkatar da ya fito. Hancin jirgi ya sunkuya, gudu ya ƙaru, shi kuma yana ji a ransa hawa yake yi.

A shekarar 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun gwada matuƙa 20 na ƙananan jirage waɗanda ba su da horon tuƙi da na'ura zalla. Aka tsare musu ganin waje, aka ce su ci gaba. Dukansu jirgin ya kuɓuce musu, tsaka-tsakin lokacin kuwa daƙiƙa 178. Da wata ƙungiyar kula da lafiyar tashin jirage masu saukar ungulu a Amurka ta duba nata haɗurran, sai ta sami adadin da ya fi wannan ban tsoro, daƙiƙa 56 daga shiga hazo zuwa bugun ƙasa.

Kada a ɗauka sababbin hannu kawai abin ke ci. Ranar 26 ga Janairu, 2020, jirgi samfurin Sikorsky S-76 ya ɗauki shahararren ɗan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa da wasu, za su wurin wasa a Jihar Kalifoniya. Hazon safiyar ya kai har 'yan sandan Los Angeles sun ajiye nasu jiragen. Matuƙin gogagge ne, ya yi awa fiye da 8,000 a sama. Ya kutsa cikin gajimare, ya shaida wa mai kula da zirga-zirgar jirage cewa hawa yake yi, alhali a daidai lokacin jirgin ya karkata hagu yana gangarowa. Ya daki tsauni a Calabasas, mutum tara suka mutu. Injin lafiyarsa lau.

Shekara huɗu bayan haka abin ya taɓo mu. Daren 9 ga Fabrairu, 2024, shugaban rukunin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo suka tashi daga Palm Springs za su Boulder City a Amurka. Jirgin ya faɗi a hamada kusa da Halloran Springs, cikin duhu da ruwan sama gauraye da dusar ƙanƙara, duka mutum shidan da ke ciki suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce matuƙin ya ci gaba da tuƙin ido a yanayin da ido ba ya aiki, har jikinsa ya ruɗe shi. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki tun kafin a tashi, an kuma san da haka, sannan ta ɗora wa kamfanin alhakin sakaci wajen sa ido. Jaridu da yawa rabin farko suka ɗauka suka bar na biyu.

Darasin Kabba

A ce matuƙinmu ya tsallake hazo, ya hango kogin Wudil da gada, ya nufi filin da aka ce ya sauka. Watan Fabrairu ne, rabon filin da ruwa tun Oktoba, 'yan ƙwallo sun tattake shi ya zama gari. Mafi haɗarin minti ɗaya na tafiyar yanzu za a shiga.

Abin da ke riƙe wannan jirgi a sama shi ne iskar da farfela ke turawa ƙasa da ƙarfi. Jirgi mai nauyin tan shida, iskar da za ta ɗauki tan shida yake hurawa. In ya kusanto busasshiyar ƙasa, iskar ta daki turɓaya ta watsu gefe, ta taso sama, farfelar ta sake jawo ta ƙasa. Cikin daƙiƙu kaɗan jirgin ya shige cikin ƙurar da shi da kansa ya tayar. Matuƙin da yake ganin tutoci da rumfuna da fuskokin jama'a, yanzu ba ya ganin komai sai ja. Ƙurar kuma da yake juyawa take yi, sai ta sa ya ji kamar jirgin ne ke tafiya gefe.

Wannan ne ya faru ranar 2 ga Fabrairu, 2019, a garin Kabba na Jihar Kogi, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Jirgi samfurin AW139 na kamfanin Caverton ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo daga Abuja, mutum 12 a ciki. Jirgin 'yan sanda ya riga shi sauka a filin wasan garin, ya bar ƙura a sama. Da nasu ya kusa taɓa ƙasa, ƙura ta rufe su ruf. Mataimakin matuƙi ya koma karanto tazarar da ta rage daga na'ura, amma jirgin ya daki ƙasa da ƙarfi ta ƙafar dama, ya kife a gefensa, fikafikan farfela suka tarwatse. Allah ya kiyaye, kowa ya fito da rai, Osinbajo ma ya wuce ya ci gaba da taronsa.

Rahoton Hukumar Binciken Haɗurra ta ƙasa, wadda a lokacin ake kira AIB, yanzu kuma NSIB, ya ambaci abin da ya shafi matuƙan: salon saukar da suka zaɓa bai dace da fili mai ƙura ba, kuma ba su bi ƙa'idar kamfaninsu ta irin wannan yanayi ba. Ƙa'idar da ake koya wa kowane matuƙi ita ce kada ya tsaya yana shawagi a kan turɓaya, in kuma gani ya ɓace ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa. Amma rahoton ya kuma ambaci rashin auna haɗarin tafiyar tun farko, da rashin shirya filin saukar yadda ya kamata.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar mai karatu. Wa ke zaɓar filin? Galibi kwamitin tarbar baƙi ne, da jami'an tsaro, da shugabannin jam'iyya. Abin da ke gabansu shi ne inda jama'a za su ga saukar maigida su yi tafi. Tankar ruwa ɗaya ko biyu da za a yayyafa wa filin da safe ba ta kai kuɗin rumfa da kujeru ba, amma ita ce ake mantawa. A garin da kogi ya ratsa kamar Wudil, ba wanda zai ce ruwa ne ya gagara. Haka nan rumfunan tamfol da kujerun roba da ledoji da tabarmi, duk iskar farfela na iya ɗaga su ta cusa cikin farfelar. Sai kuma jama'a, musamman yara, da ke rugawa da gudu tun jirgi bai kashe inji ba. Ƙaramar farfelar jela in tana gudu ido ba ya ganinta sosai, kuma daidai tsayin mutum take a jirage da yawa.

Zafi, nauyi da mai

In tafiyar ta faɗo watan Afrilu ne, hazo ya tafi, wani abokin gabar ya zo. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Kano tana kimanin mita 470 sama da teku, amma da rana tsaka in zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar yana wajen mita 1,500, wato sama da tsayin garin Jos. Nauyin da ya ɗauka cikin sauƙi da asuba yana iya gagararsa da azahar. Mutanen Gwammaja ba su manta ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, da jirgin fasinja na kamfanin EAS ya kasa hawa bayan tashi da rana tsaka, ya afka cikin gidajensu, mutum fiye da 100 suka rasu.

Lissafin nauyi a takarda ake yin sa kafin a tashi: mutum nawa, kaya nawa, mai nawa. Sai a zo tashi daga Wudil, wani mai faɗa a ji da ya zo a mota ya ce shi ma a jirgi zai koma, ga kuma tsarabar da aka ba maigida. Kowane ƙarin kilo, ko dai ya ci daga ƙarfin da matuƙi ya tanada don tsallake bishiya da waya, ko ya ci daga man da zai ɗauka.

Maganar mai kamar wasa ce, har sai an tuna da Opebi. Ranar 28 ga Agusta, 2020, ƙaramin jirgi samfurin Bell 206 na kamfanin Quorum ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Saura 'yan mintoci ya isa filin jirgi mai ya ƙare, ya faɗo tsakanin gidaje a unguwar Opebi ta Ikeja, mutum ukun da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun ce ya kamata a sauka tun da aka ga mai ya yi ƙasa, sun kuma ce kamfanin bai sa ido yadda ya kamata ba. Mutum sai ya yi ta mamaki, jirgin da zai iya sauka a kowane fili, me ya hana shi?

“Kyaftin, a daure”

Wannan tambaya ita ce zuciyar babin nan. Gata na biyu da muka ce direba yana da shi, na gangarawa gefe ya tsaya, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ma yana da shi, abin da matuƙin jirgin fasinja ba shi da shi. Tsakanin Kano da Wudil da rani gonaki ne fetal, an girbe dawa da gero, fili ko'ina. In hazo ya rufe, ko fitilar mai ta kama, ko wani ƙara ya canja, cikin minti biyu yana iya ajiye jirgin a gonar wani, a kira mota. A haɗurra da yawa da muka ambata wannan ƙofa a buɗe take har kusan ƙarshe, ba a bi ta ba.

Dalili na farko a cikin zuciyar matuƙin yake. Duk wanda ya kusa kaiwa, wuya yake ji ya juya. Ya ci kashi uku cikin huɗu na tafiya, yana ganin saura ƙiris, sai kowace alama ta haɗari ya fassara ta da sauƙi. NTSB ta ambaci wannan hali a rahoton Kobe Bryant, ta kuma ce matuƙin ya matsa wa kansa don kada ya ba babban abokin cinikinsa kunya. Ba wanda ya umarce shi. Shi ya ɗora wa kansa.

To in haka ta faru a ƙasar da ƙaramin ma'aikaci ke iya kallon ubangidansa ya ce a'a, yaya ke nan a wurinmu? Mu kwatanta yadda abin kan kasance. Matuƙi ya ce, “Ranka ya daɗe, hazon nan ya yi yawa, mu ɗan jira.” Maigidan ma bai ce komai ba, na kusa da shi ne zai matso ya ce, “Haba Kyaftin, tun safe jama'a ke cikin rana, hakimai sun hallara, a daure mana.” Ba zagi, ba barazana. Amma matuƙin ya san kwangilar kamfaninsa a hannun mutanen nan take, ya san in ya ajiye mai girma a gonar dawa gobe hotonsa ne a Facebook ana dariya, ya kuma san akwai wani matuƙin da za a ce shi ba ya tsoro. In soja ne ko ɗan sanda, abin ya fi haka nauyi, domin wanda ke zaune a bayansa ya girme shi da muƙami da yawa, kuma tun ranar da ya shiga aiki aka koya masa bin umarni.

Dokar jiragen sama a duk duniya ta ba kyaftin magana ta ƙarshe a kan jirginsa, ko wa ya ɗauko. A ganina wannan doka ba ta da amfani sai manya sun yarda ta hau kansu. Akwai kuma jinkirin da muka mayar ado. Taron da aka sa ƙarfe goma ba ya farawa sai azahar, jawabai su ja har la'asar sakaliya, a fito ana kiran magariba. Tafiyar da aka tsara da rana ta koma ta dare, a jirgi da fili da matuƙin da wataƙila ba a shirya su don dare ba. In abu ya faru, sunan matuƙi ne a rahoto, na wanda ya tsawaita jawabi ba ya ciki.

Abin da takardu suka nuna a Jos

Hafsoshin da ake yayewa a Wudil suna da labari na gidansu da ya kamata su sani. Ranar 14 ga Maris, 2012, jirgin rundunar 'yan sanda samfurin Bell 427 ya faɗi a unguwar Kabong ta Jos, ya hallaka Mataimakin Sufeto Janar Haruna John da mutum uku. Da rahoton AIB ya fito bayan shekaru, hukumar ta ce ba ta iya tsayar da dalili guda ba. Amma ta jero abin da ta gani a takardu. Takardar shaidar lafiyar matuƙin ta ƙare. Wa'adin sabunta horonsa a na'urar kwaikwayon tuƙi ya wuce. Mataimakinsa ba shi da izinin tuƙa wannan samfurin. Injiniyan da ya sa hannu cewa jirgin ya isa tashi shi ma ba shi da horon wannan samfurin.

Ko ɗaya daga cikin huɗun nan bai faru a sama ba. A ofis suka faru, watanni kafin ranar, a hannun masu tsara jadawali da masu sakin kuɗin horo. Horon na'urar kwaikwayo kuwa ba ƙawa ba ne. A nan ne matuƙi ke iya shiga hazo, jikinsa ya yi masa ƙarya, ya koyi gaskata na'ura a kan abin da yake ji, ya kuma fito da ransa. Wannan ƙwarewa tana dushewa in ba a sabunta ta, shi ya sa aka yi mata wa'adi.

Adalci kuma ya sa a faɗa cewa wani lokacin matuƙi ba shi da laifi ko na anini. Ranar 12 ga Agusta, 2015, jirgin kamfanin Bristow da ya ɗauko ma'aikatan mai daga teku ya faɗa ruwa a Oworonshoki ta Legas. Mutum shida cikin 12 suka rasu, har da matuƙan biyu. Bincike ya gano cewa wani sandan ƙarfe da ke kai umarnin hannun matuƙi zuwa farfela ne ya kwance daga mahaɗinsa. Daga wannan lokaci duk abin da suka yi da hannunsu bai isa ga farfelar ba.

Ƙaddara da jita-jita

Dattijon da ya ce kwana ne ya ƙare bai yi ƙarya ba, ba kuma wanda zai wuce ranarsa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana mu kai mara lafiya asibiti ba, bai kamata ya hana mu tambayar wa ya bar takarda ta ƙare, wa ya ƙi yayyafa ruwa, wa ya ce a daure ba. Mai cewa hannu aka sa kuwa, rabin laifin na hukuma ne. Jiragen farar hula rahotonsu na fitowa kowa ya karanta, ƙa'idar duniya ma ta ce a fitar da na farko cikin kwana 30, kuma manufarsa hana maimaituwa ce ba neman wanda za a hukunta ba. Jiragen soja kuwa sojan ne ke bincikar kansu, abin da ke isowa ga jama'a bai cika wuce taƙaitacciyar sanarwa ba. Inda aka bar gurbi, jita-jita ce ke cike shi.

Saboda haka in mai karatu ya sake jin an ce kuskuren matuƙi ne, ya nemi sashen rahoton da ke biye, inda ake jera abubuwan da suka taimaka. In kuma wata rana aka sa shi cikin kwamitin tarbar baƙon da zai zo a jirgi, ya tambayi wa zai jiƙa filin, wa zai janye rumfuna, wa zai tsare yara.

Saura tambayar yadda masu bincike ke sanin duk wannan, alhali sau da yawa waɗanda suka gani da ido sun tafi, jirgin kuma ya ƙone ko ya nutse. Babi na gaba zai bi su daga sa'ar da suka isa wurin haɗari har ranar da rahoto ya fito, za mu kuma fara da tarkacen jirgin Bristow da aka tsamo daga ruwan Oworonshoki.